Wace jita za ka shiga situdiyo da ita? Maganar jaki, tsirkiya da saitin da ba ya zama

Akwai abin da ke ɗaure wa makaɗin jita kai ranar da ya fara shiga situdiyo. Jitar da ya shekara yana kaɗawa a gidan biki ko a coci ko a dandali, jama'a na ta tafi, ita ce injiniya zai tsayar da ɗauka saboda ita, ya ce, "Malam, duba saitinka." Ya duba, na'urar saiti ta nuna masa kore. A sake ɗauka, ba a yi nisa ba a sake tsayawa. Kafin a ankara awa biyu ta tafi, kuɗin situdiyo na ta hawa, mawaƙi ya fara duban agogo, shi kuma makaɗi ya shiga tunanin ko hannunsa ne ya lalace.

Ya faru da ni a wani situdiyo a Kano cikin watan Janairu, hunturu na tsakiyarsa. Na fito da jita daga but ɗin mota mai zafi na shige da ita ɗaki mai na'urar sanyi, na saita, muka fara. Layin farko ya yi daɗi. Da aka ce in ninka shi, wato in sake kaɗa abu ɗaya a ɗora a kan na farko, sai muka ji sautin yana rawa kamar ruwa a cikin kwano. Ranar na gane cewa saita jita daban, jita ta riƙe saitin daban.

Dalilin da ya sa situdiyo ke tona wannan asiri ba boyayye ba ne. A dandali sauti na wucewa sau ɗaya, ga ganga, ga ihu, ga iska. A situdiyo kuwa ana ɗora jita a kan fiyano da sautukan kwamfuta, waɗanda ba sa gocewa ko da ƙwayar zarra. An tsayar da sautin A a kan 440, wato girgiza 440 a daƙiƙa ɗaya, can suke zaune daga safe har dare. Idan tsirkiyarka ta hau zuwa 442, kunne zai ji sautukan biyu suna kokawa sau biyu a kowace daƙiƙa. A ma'aunin makaɗa, inda ake raba tazarar firet ɗaya (firet su ne ƙarafan da ke gicce a wuyan jita) gida 100 ana kiran kowane gida sent, wannan gociya ba ta kai sent 8 ba. A gidan biki ba mai ji. A cikin hedfon ɗin injiniya kuwa kamar ƙaya ce a ƙafa. Yawancin kiɗan da ake yi a situdiyoyinmu na Kano da Kaduna da Jos a kan fiyano ake gina shi, saboda haka duk jitar da ta shigo, ita ce za ta bi, ba ita za a bi ba.

To idan kana shirin sayen jita domin aikin ɗauka, ko kana da biyu kana tunanin wadda za ka riƙa tafiya da ita, kada ka fara da launi ko sunan kamfani. Fara da jaki. Makaɗan garaya da goge sun san jaki, ɗan abin nan da tsirkiya ke hawa a kan cikin kayan kiɗa. A jitar lantarki ma shi ne ke yanke hukuncin ko saiti zai zauna ko ba zai zauna ba. Iri huɗu ne za ka fi cin karo da su: kafaffe wanda ba ya motsi, na Stratocaster mai sanda da sifirin, na Floyd Rose mai kulle, da sabon shiga Evertune.

Kafaffen jaki shi ne mafi tsufa, kuma shi na fi yarda da shi. Tsirkiya ta taso daga kunne, wato abin da ake murɗawa a ɗaure ta, ta ratsa ta kan matashi, wato ɗan ƙashin nan mai tsaga shida a ƙarshen wuya, ta sauka a kan ƙarfen da aka ɗaure da jikin katako. Ba sifirin, ba abin da ke lilo. Idan ka ja tsirkiya ɗaya, sauran biyar ba ruwansu. Idan ɗaya ta tsinke a tsakiyar ɗauka, ka sa wata ka ci gaba. Idan mawaƙi ya ce muryarsa ba ta kai ba, a sauke waƙar da rabin mataki, wato tazarar firet ɗaya, minti biyu ya ishe ka.

Amma kafaffen ma gida biyu ne, kuma bambancinsu ya kai a tsaya a kai. Gidan farko na Telecaster ne, jitar da Leo Fender ya fitar a Kalifoniya a 1950 da wani suna, ta koma Telecaster a 1951. Tsawon tsirkiyarta daga matashi zuwa jaki inci 25.5 ne, kanta a miƙe yake, kunnuwa shida a jere gefe ɗaya, don haka tsirkiya na wucewa ta matashi kusan a saɓe ba tare da karkata ba. Abin da ba ya karkata ba ya maƙalewa. Wannan ne sirrin da ya sa ake cewa Telecaster ko faɗuwa ta yi za ka ɗauke ta da saitinta. Matsalarta ɗaya ce, a tsohon samfuri. Jakin yana da sirdi uku ne kawai, kowane sirdi na ɗauke da tsirkiya biyu. Idan ka daidaita wa ɗaya tsawonta, ka taɓa na abokiyar zamanta. A cikin tsirkiyoyi shida, wato E, A, D, G, B da E daga babba zuwa ƙarama, G da D su suka fi shan wahalar wannan zaman haɗaka. Maganinsa bai da tsada: akwai sirdin tagulla da aka sassaƙa wa kowace tsirkiya wurin hawanta daban, ko kuma ka nemi samfurin da ke da sirdi shida tun daga kamfani.

Gida na biyu na Les Paul ne da 'yan'uwanta na Gibson. Les Paul ta fito a 1952, jakin da ake kira Tune-o-matic kuma, wanda Ted McCarty ya ƙera, ya biyo baya ba da jimawa ba. Shi jakin ba shi da laifi, kowace tsirkiya da sirdinta da sukurunta. Inda gizo ke saƙa shi ne can sama. Kan jitar ya kwanta baya da kusurwa mai zurfi, digiri 17 a yawancin samfura, kunnuwa kuma uku a dama uku a hagu. Tsirkiyoyin tsakiya, D da G, dole su lanƙwasa gefe bayan sun fita daga matashi, kuma su lanƙwasa ƙasa a lokaci guda. Sai tsirkiya ta maƙale a tsaga. Kana murɗa kunne sauti bai motsa ba, can sai ka ji "ƙis", ya yi tsalle ya wuce inda kake so. Ka fara kaɗawa, ka ja G sau ɗaya, ta zame ta koma ƙasa. Duk wanda ya riƙe irin wannan jita ya san wannan kuka na G.

Ga kuma wani abu. Tsawon tsirkiyar Gibson inci 24.75 ne. Da kauri ɗaya da saiti ɗaya, tsirkiyarta ta fi ta Fender sassauci da kusan kashi 6 cikin ɗari. Hannu na jin daɗin haka, amma mai danna da ƙarfi zai riƙa tura sauti sama ba tare da ya sani ba, musamman a firet na farko zuwa na uku, musamman kuma idan firet ɗin dogaye ne. Ba ina cewa ka guji Les Paul ba ne. Kaurin muryarta babu Telecaster da za ta ba ka shi, kuma fikof ɗinta, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai lasifika, mai naɗi biyu ne, yana kashe gurnanin lantarki, abin da duk mai aiki da janareta da tsofaffin wayoyi zai yaba. Abin da nake cewa shi ne, idan ita ka zaɓa, ka ware kuɗin gyaran matashi a cikin kuɗin saye. A goge tsagar daidai kaurin tsirkiya, a ɗan karkata bayanta wajen kunne, a goga bakin fensir a ciki. Da yawan waɗanda suka canza kunnuwa gaba ɗaya suna neman sauƙi, kunnuwan ba su yi musu komai ba, matashi ne.

Sai Stratocaster, wadda ta fito a 1954, kuma ita ce idon matasanmu ya fi sabawa da ita, ko ta asali ko kwaikwayonta. Wanda ya ga makaɗan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar ya ga yadda sifar wannan jita ta zama ta gida a Abzin. Mdou Moctar bahago ne, Stratocaster ta bahagwai yake riƙewa, shi da ya fara da jitar da ya haɗa da hannunsa da wayar birkin keke. Muryarta siririya ce mai haske, tana ratsa ganga da tafi ba tare da ta danne mawaƙi ba.

Jakinta a kan ma'auni yake zaune. Ta gaba tsirkiyoyi shida na ja, ta bayan jitar kuma sifirin na ja, galibi uku, ana iya sa har biyar. Tsirkiyoyi masu lamba 10 zuwa 46, wato ma'aunin kaurinsu daga ƙarama zuwa babba, suna ja da nauyin da ya kai wajen kilo 46, sifirin kuma dole su rama daidai wannan. A tsarin kamfani bayan jakin yana ɗagowa daga katako da kusan milimita 3, domin sanda ta iya kai sauti sama da ƙasa. To ka ga inda matsalar take: duk abin da ya taɓa tsirkiya ɗaya ya taɓa ma'aunin gaba ɗaya. Ka ɗaure A, sauran su ɗan sauka. Ka ja B da yatsa yayin da E ke ƙara, E ta sunkuya. Ka ɗora gefen tafin hannu a kan jakin da nauyi, duka su hau. Kuma bayan ka yi amfani da sanda, sai tsirkiya ta koma daidai inda ta baro a matashi da ɗan ƙarfen da ke danne ta a kan jitar, abin da ba kullum take yi ba.

Wannan ya fi shafar masu salon Abzin, domin da yawansu sukan ɗaga babbar tsirkiyar E zuwa G don ta riƙa amsawa a ƙasa kamar gurmi. Mataki ɗaya da rabi ke nan a kan tsirkiya mafi kauri. A jaki mai lilo, wannan ɗauri zai janyo jakin gaba, sauran biyar su sauka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka dawo ka tarar ta farkon ta sauka, ka sake zagayawa sau uku ko huɗu kafin komai ya lafa. Waƙa ta gaba kuma a ce a koma saitin da aka saba.

Abin daɗin shi ne Stratocaster tana karɓar magani cikin sauƙi, shi ya sa ban cire ta daga lissafi ba. Hanya ta farko, ka buɗe murfin baya, ka ƙara sifirin su zama biyar ko ka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe da su har jakin ya kwanta a jikin katako. Sanda za ta iya sauke sauti amma ba za ta ɗaga ba, kuma jan tsirkiya ɗaya ba zai motsa sauran ba. Hanya ta biyu, ka yanko ɗan katako mai tauri ka cusa tsakanin ƙarfen jakin da jikin jitar, ka kashe motsin gaba ɗaya. Ba ƙauyanci ba ne: samfurin Stratocaster mai sunan shahararren makaɗin jita Eric Clapton da toshe yake fitowa daga kamfani, don haka shi yake kaɗa tasa. Kafinta na unguwarku zai yanka maka wannan katako. Ka sami muryar Stratocaster da natsuwar kafaffen jaki a jita ɗaya. Ka tambayi kanka tsakani da Allah sau nawa ka taɓa sandar nan a waƙoƙi goma na ƙarshe da ka yi. Idan amsar ba ta wuce ɗaya ba, toshe ta.

Akwai wata cuta ta Stratocaster da ake ɗora wa saiti alhali ba shi ba ne. Fikof ɗinta maganaɗisu ne tsirara a ƙarƙashin tsirkiya. Idan an ɗaga su sun matso sosai, musamman na kusa da wuya, sai su riƙa jan babbar tsirkiya, sautin ya riƙa rawa kamar biyu ne ke fita, allurar na'urar saiti ta kasa tsayawa, abin ya fi muni daga firet na 12 zuwa sama. Sukudireba kawai ake bukata. Sauke fikof ɗin ta ɓangaren manyan tsirkiyoyi kaɗan kaɗan har rawar ta ɗauke.

Floyd Rose sunan mutumin da ya ƙirƙiro shi ne, Ba'amurke, a ƙarshen shekarun 1970, makaɗin jitar rok Eddie Van Halen kuma ya sa duniya ta san shi. Dabararsa ita ce a kulle tsirkiya a wuri biyu, a matashi da a jaki, ta yadda ba inda za ta zame. Idan na kirki ne kuma gwani ya saita shi, kana iya danna sanda har tsirkiyoyi su saki su kwanta, ka sake ta, komai ya dawo daidai. A wannan fanni babu mai kama ƙafarsa. Amma duk larurar ma'auni da na faɗa game da Stratocaster tana nan, har ta fi. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar su haura sama, waƙa ta tsaya. Canza tsirkiya sai da alanki, sai ka yanke ɗan ƙwallon da ke gindinta. Canza saiti daga wannan waƙa zuwa waccan aikin rabin awa ne ko fiye, canza kaurin tsirkiya kuwa sai an koma kan sifirin. Sannan jakin a kan baki biyu masu kaifi kamar wuƙa yake lilo. A na asali ƙarfen mai tauri ne. A kwaikwayo masu araha, waɗanda su suka fi yawa a jitocin gwanjo da ke iso mana, bakin kan cinye, daga nan jakin ba zai ƙara komawa tsakiya ba, kuma ba saitin da zai gyara shi sai an canza. Kama da wane ba ta wane. Idan ba kiɗan da ke bukatar nutso da sanda kake yi ba, kuma ba ka da jita ta biyu a gefe, ban ga dalilin da zai sa ka ɗauki wannan kaya ba.

Evertune kuwa wani tunani ne daban. Cosmos Lyles ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, ya shigo kasuwa wajen 2010. Ba batir, ba lantarki. Kowace tsirkiya tana da nata sifirin da ɗan ƙarfen lilo a cikin jikin jitar, aikinsu su riƙe ƙarfin jan tsirkiyar a wuri ɗaya komai ya faru. Zafi ya sa ta miƙe, sifirin ya janye rarar. Wuya ya motsa, ya rama. Ka danna da ƙarfi, ya sassauta. Har hawan nan da sauti ke yi a farkon bugu, lokacin da farce ya doki tsirkiya da ƙarfi ta haura kafin ta dawo, yana shanye shi. Ga mai ninka layi huɗu ko shida na kod, wato sautuka da yawa da ake kaɗawa tare, wannan ni'ima ce, shi ya sa situdiyoyin kiɗan rok mai nauyi a Turai da Amurka suka rungume shi.

Farashinsa fa? Ba kuɗi kaɗai ba. Idan ka bar shi a tsakiyar inda yake aiki, ko ka ja tsirkiya da yatsa sauti ba zai motsa ba, girgizar yatsa ma ba za ta fito ba. Ana iya murɗa kunne a kai shi bakin iyaka yadda ja zai yi aiki, amma sai ka koyi wurin, kuma wasu makaɗa na jin amsawar ba ta kai ta jaki na kullum ba. Kiɗan da ransa ke cikin lanƙwasa da ado na yatsu, wanda ke kwaikwayon muryar goge ko ta mawaƙi, shi ne ya fi jin wannan rashi. Sanya shi a jitar da kake da ita sai an fafe katako da yawa, aikin da ba a komawa baya, kuma ba kowane mai gyara ne zai iya ba. Gara ka saye ta da shi tun daga kamfani, irin wasu samfuran ESP LTD. Idan wani abu ya lalace a ciki, kayan gyaransa sai an yi oda daga waje. A ganina jita ce ta mai situdiyo, wanda zai rataye ta a bango don duk wanda ya zo yin kod, ba ta makaɗi mai jita ɗaya tilo ba.

Yanzu bari in faɗi abin da masu sayar da kaya ba sa faɗa. Ko wane jaki ka zaɓa, jita ba za ta taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari a kowane kod ba. An jera firet ne bisa lissafin da ya raba zango, wato tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, gida 12 daidai wa daida, kuma a wannan lissafi tazarar da ke ba kod mai fara'a daɗinsa ta haura abin da kunne ke so da kusan sent 14. Shi ya sa za ka saita da kunne har kod ɗin E ya yi zaƙi, ka koma C ka ji ya yi tsami. Ba jitarka ce ta lalace ba. Abin da ƙwararru ke yi a situdiyo shi ne su saita domin waƙar da ke gabansu: a kama kod ɗin da aka fi zama a kai, a danna shi yadda za a danna a ɗauka, a duba kowace tsirkiya a haka. Wani lokaci har a ɗauki baiti da saiti ɗaya, a tsaya, a gyara, a ɗauki amshi. Kuma ka saita da irin bugun da za ka yi. Idan ka shafa tsirkiya a hankali wajen saiti sannan ka doke ta a waƙa, sama za ta tafi. A kafaffen jaki ko toshasshe wannan ɗan gyare-gyare na daƙiƙu ne. A mai lilo kowane gyara na haifar da wani.

Kaurin tsirkiya shi ne zaɓi na biyu bayan jaki. Lamba 9 zuwa 42 taushi gare ta, tana jan wajen kilo 38, ja da ado na zuwa da sauƙi, amma ita ta fi saurin haurawa a ƙarƙashin hannu mai nauyi. Lamba 11 tana wuce kilo 50, sautinta a tsaye, sai dai yatsu su yi aiki. Lamba 10 ce tsaka-tsaki, kuma ita nake ba wa mai Fender shawara. Mai Gibson da ke yawan kod ya gwada 11, idan kuma ba ya jan G, ya nemi saitin da G ɗinsa naɗaɗɗiya ce kamar D. Haka jitoci suke a shekarun 1950 kafin siraran tsirkiyoyi su yi tashe, kuma naɗaɗɗiyar G ta fi zama lafiya nesa ba kusa ba. Wanda ke sauke saiti ƙasa ya ƙara kauri. Duk lokacin da ka canza lamba, sai an sake duba wuya da tsagar matashi da sirdi.

Wannan dubawa tana da tsari, kuma idan aka juya shi aikin banza aka yi. Wuya ake fara gani. Ka danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Ma'aunin Fender kusan kwatan milimita ne, kaurin katin gaisuwa. Ƙarfen da ke cikin wuya ake murɗawa a gyara, kwatan zagaye a lokaci guda, a jira katako ya amsa. Sai tsayin tsirkiya a jaki, wajen milimita 1.6 a firet na 17. Sai zurfin tsagar matashi, wanda idan ya yi tudu, duk kod ɗin da ke kusa da kai zai haura ko da na'ura ta ce buɗaɗɗiyar tsirkiya daidai take. Jitoci masu araha kusan duka da wannan tudu suke zuwa. Daga ƙarshe sirdi: ka kaɗa tsirkiya a buɗe, ka danna firet na 12, su zama sauti ɗaya, sai dai na 12 ya fi da zango guda daidai. Idan na 12 ya haura, ja sirdin baya a ƙara tsawo. Idan ya gaza, tura shi gaba. Da sababbin tsirkiyoyi ake wannan, domin tsohuwa mai tsatsa da dattin gumi ƙarya take yi. Na'urar da ake maƙalawa a kan jita ta isa dandali, amma a nan ka nemi mai kaifi. Boss TU-3 tana auna har sent 1, na Peterson masu juyawa har kashi ɗaya cikin goma na sent. Kuma kowa a ɗakin, da mai bes da mai jita ta biyu, na'ura ɗaya za su yi amfani da ita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa tsirkiya kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, naɗi biyu zuwa uku a kunne, a jere ba a kan juna ba, ka ja kowace da hannu ka sake saitawa har ta daina sauka. Kullum ka iso sauti daga ƙasa. Idan ka wuce, sauka ƙasa da shi ka sake hawowa.

Sai yanayinmu, wanda littattafan masu ƙera jita ba da shi aka rubuta su ba. Kamfanonin jitar katako irin su Martin da Taylor suna so a ajiye ta a danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram ko Agadas cikin hunturu danshi na faɗuwa ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya cika ɗaki. Katako na shan ruwa yana amayarwa. Allon wuya ya tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu, jitar da ba ta lantarki ba fuskarta ta lotsa, tsirkiya ta kwanta tana zizar ƙarfe, wata ma ta tsage. Saboda haka gyara sau ɗaya ba ya kai shekara a nan. Sau biyu ne aƙalla, farkon hunturu da bayan damina ta zauna. A wannan ma kafaffen jaki ya fi sauƙin bi, domin wuya kawai za ka taɓa da sirdi, ba sai ka koma neman ma'aunin sifirin ba. Ranar ɗauka kuma ka riga kowa zuwa, ka buɗe akwati, ka bar jitar ta sha iskar ɗakin rabin awa, kada ka jingine ta inda sanyi ke busowa. Ƙarfe na miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, har ɗumin hannunka yana sauke tsirkiya, don haka ka ɗan kaɗa minti biyar kafin saitin ƙarshe. Idan aka ɗauke wuta na'urar sanyi ta tsaya, ɗaki ya ɗumame kafin a tada janareta, ka ɗauka saitinka ya tafi, ka sake.

Wani zai ce ai kwamfuta na gyarawa. Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 kuma ta zama ruwan dare a situdiyoyinmu, sauti ɗaya take bi a lokaci guda, kamar murya ko layin jita mai tsirkiya ɗaya. Kod mai sauti biyar ya fi ƙarfinta. Melodyne na iya shiga cikin kod ta ɗaga sauti ɗaya, amma aiki ne mai cin lokaci, kuma idan jitar na da ƙazamin sauti na ƙarfi, sawun gyaran na fitowa. Awa ɗaya ta injiniya a kan wannan ta fi kuɗin sababbin tsirkiyoyi.

Da ƙanena zai zo yau ya ce kuɗin jita ɗaya gare shi kuma aikin situdiyo yake nema, ce masa zan yi ya nemi mai sifar Telecaster da sirdi shida, ko Stratocaster ya toshe ta da katako idan muryar Abzin ce ke ransa. Idan kauri yake so kuma gurnanin lantarki ya dame shi, ya ɗauki mai sifar Les Paul, amma kada ya kai ta situdiyo sai matashinta ya ga hannun mai gyara. Kuma kada ya ƙarar da kuɗin duka a kan jitar. Ya sayi wadda ta gaza burinsa da mataki ɗaya, ragowar ya biya gyara, ya sayi na'urar saiti ta kirki da fakitin tsirkiya uku masu lamba ɗaya. A shago kuma, kafin ya biya, ya saita ta, ya ja G da ƙarfi sau biyar, ya sake dubawa, sannan ya kama kod ɗin D a ƙasa ya sake kama shi a firet na 14 ya saurara.